Shaton da ke Ambaliya da Azahar: Yadda Muka Tantance Wata Na'urar Jin Matsi a Yamai

Wata Litinin ce cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40 tun kafin a kira azahar. Mai kula da kayan wata makarantar kwana da ke bakin gari ya shigo labonmu da abu naɗe a tsumma, ya kwance a kan tebur. Na'urar jin matsin ruwa ce, wadda ma'aikata ke kira kaftar. Tsawonta bai wuce tafin hannu ba, jikinta na ƙarfe mara tsatsa, rabinta ya sha shuɗin fenti.

Ya ce: "Malam, abin nan ya gagare mu. Da safe lafiya lau. Rana na take tsaka sai shato, tankin ruwanmu na sama, ya cika ya yi ta zuba, famfo ya ƙi tsayawa. Ko ku saita mana ita, ko ku ce mu sayi sabuwa."

Na tambaye shi yadda aka haɗa kayan. Foraj ne da famfo mai aiki da hasken rana, yana tura ruwa cikin shato. Gindin tankin yana sama da inda aka ɗaura kaftar da mita 15, bakin da ruwa ke malala kuma yana mita 19. An saita akwatin sarrafa famfon ya kashe shi idan ruwa ya kai mita 18.5, wato an bar rabin mita na tsaro. Kaftar ɗin tana jikin bututun wanke tanki, wanda kullum a rufe yake, saboda haka ruwan da ke kanta a tsaye yake, buɗe famfunan ɗalibai ba ya taɓa shi. Shekara biyu ana haka ba matsala. Sai bana.

Wani zai ce ai ɗan ruwa ne ke zuba. Wanda ya ga layin jarkoki a unguwannin gefen Yamai da bazara ba zai faɗi haka ba. Ga shi kuma ruwan yana sauka ne daidai kan ƙafafun shaton, yana cin ƙasar da ke riƙe da su, ga yara suna wucewa ta ƙarƙashi.

Abin da ke cikin ƙarfen

A bakin kaftar akwai wani siririn faifan ƙarfe da ruwa ke dannawa. Bayansa akwai ɗan mai, man kuma yana isar da dannawar ga wani ƙanƙanin yankin silikon. Shi silikon yana da wata ɗabi'a da Charles Smith ya bayyana a 1954 a ɗakin binciken Bell na Amurka: idan aka lanƙwasa shi ko yaya, yadda yake barin lantarki ya ratsa shi yana canzawa sosai. An dasa masu tare lantarki guda huɗu a jikinsa, an haɗa su irin haɗin da ake kira gadar Wheatstone, ta yadda ɗan bambancin da ya shiga tsakaninsu zai fito fili. Sauran kayan ciki su mayar da wannan bambanci lantarkin da ke bin waya zuwa akwatin sarrafawa.

A jikinta an rubuta: bar 0 zuwa 2.5 (bar awon matsi ne), miliampiya 4 zuwa 20 (awon lantarkin da take fitarwa), kuskure kada ya wuce kashi 0.25 cikin 100. Ma'ana, in ba matsi ta ba da 4, in matsi ya kai bar 2.5 ta ba da 20, kowane bar ɗaya yana ƙara miliampiya 6.4. An fara daga 4 ne da gangan, don in waya ta tsinke a ga sifili a gane tsinkewa ce, kada a ɗauka tanki ne ya ƙare. Haddin kuskurenta kuwa, in aka mayar da shi lantarki, miliampiya 0.040 ne, in aka mayar da shi tsayin ruwa, bai kai santimita 7 ba. Na'urar da ya kamata ta san ruwa har zuwa faɗin yatsu huɗu, ita ce ta kasa ganin rabin mita. Ruwa ba ya tsami banza.

Awon farko

Akwai wata ɗaliba ƴar sitaj da ke tare da mu a lokacin, mai kaifin ido da saurin hannu. Tana ganin fentin ta ɗauko tsumma da fetur za ta goge. Na ce ta dakata. Ƙa'idar aikin nan ita ce a auna abu yadda ya zo, kafin a wanke shi, kafin a taɓa ko kusa ɗaya. Tantancewa daban, saiti daban. Tantancewa shaida ce: ga abin da muka ba na'ura, ga abin da ta ce. Saiti kuwa magani ne, kuma ba a ba da shi kafin a ga ciwo. Mutane da yawa suna kawo mana kaya suna cewa "a saita", mu kuma in muka biye musu sai mu share alamar da za ta nuna mana inda cutar take. Bakin da ruwa ke shiga kawai muka tsane muka busar, don kada laima ta shiga kayan awonmu.

Abin da muke gwada irin waɗannan na'urori da shi sikelin matsi ne. Fistin ne siriri a cikin silinda, an goge su har ba a ganin tsakaninsu. A ɗora faifan ƙarfe a kan fistin, a tura iska da famfon hannu har ya tashi yana shawagi, a juya shi a hankali don kada ya manne da silinda. Muddin yana shawagi, matsin da ke ƙarƙashinsa shi ne nauyin da ke kansa a raba da faɗin fistin. Ba lantarki, ba allura, ba abin da zai gaji. Shi ya sa muke girmama shi a labo kamar dattijo. A jikin kowane faifai an sassaƙa matsin da yake bayarwa.

Muka kunna kaftar da bolt 24, muka bar ta rabin awa ta ɗumama. Muka kai ta ƙarshen matsinta sau uku muna saukewa, don faifan bakinta ya saki jiki. Ƙarfe tara da rabi, ɗaki yana digiri 30, muka fara: bar 0, 0.5, 1, 1.5, 2, 2.5, sannan mu sauko ta hanyar da muka hau. A sifili ta ba da 3.96 maimakon 4. Ta ɗan yi ƙasa, tana daidai bakin haddinta, amma ba abin da zai sa shato ambaliya.

Wajen ƙarfe ɗaya aka ɗauke kuran. Kilim ya tsaya, ɗaki ya fara zama tanda. Muna da batura biyu masu bolt 12 da muke haɗawa saboda irin wannan rana, multimeta kuma, na'urar da muke karanta lantarkin da ita, dama da batir take aiki. A ƙa'ida ba a yin awon da za a rubuta a takardar shaida cikin ɗakin da zafinsa ke hawa, kuma niyyata mu rufe mu tafi masallaci. Ɗalibar ce ta tsayar da ni a bakin ƙofa.

"Mushe, duba. Ba mu ba ta matsi ba, amma lambar tana sauka."

Ta yi gaskiya. 3.91, can 3.87. Da muka dawo daga salla, ma'aunin zafi na nuna 39, kaftar kuma na ba da 3.77. Muka hau matakan nan shida da sauri. Kowane mataki ya sauka da kusan miliampiya 0.19 daga abin da ya bayar da safe, na ƙasa da na sama duk ɗaya. Ɗaukewar kuran ta kawo mana azahar ɗin makarantar har kan tebur. Da kilim bai tsaya ba, da mun rubuta cewa na'ura ta ɗan karkace a sifili, mu murɗa ta, mu mayar musu da cutarsu.

Ramin da aka toshe

Idan duk matakai suka sauka da adadi ɗaya, ba faifan da ke jin ruwa ake zargi ba. Abin da ake auna ruwan da shi ne ya motsa.

Iskar da ke kanmu tana da nauyi. A 1648 Paskal, wanda aka sa wa ma'aunin matsi sunansa, ya sa mijin yayarsa ya hau dutsen Puy de Dôme a Faransa da bututun zaiba, aka ga zaibar tana sauka yayin da ake hawa. A Yamai nauyin iskar nan yana wajen milibar 985, kusan bar ɗaya cur, don milibar 1,000 ne bar ɗaya. Yana danna saman ruwan da ke cikin tanki, saboda haka kaftar tana jin ruwa da iska a haɗe. Don ta ware ruwan shi kaɗai, masu ƙera ta sun bar wani ɗan rami a jikinta, wanda ke shigar da iskar waje zuwa bayan silikon. Iska ta gaba da iska ta baya su kashe juna, ruwa ya rage. Ramin nan bai fi kan ashana ba, amma da shi na'urar take numfashi.

Muka nemi ramin muka rasa. Sai da na bi jikin wurin haɗa waya da farce na ji ɗan tudu ƙarƙashin fenti. Na ɗauki hoto, na kankare a hankali da reza. Ƙarƙashin fentin jar laka ce busasshiya, an cusa ta tsaf, an lailaye bakinta. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wannan gini. Zanzaro ne. Ya samu rami daidai son ransa ya toshe, daga baya mai fenti ya zo yi wa shato kwalliya ya bi ta kai da fentin mai, ya like sauran ƙofofin da laka ta bari.

Iskar da aka kulle kuwa, in ta ji zafi sai ta nemi wuri, kamar rufaffiyar jarka da aka manta a rana. Lissafinta ba wuya: a ƙara 273 a kan digirin zafi, matsinta yana hawa daidai da wannan adadi. Daga 30 zuwa 39, wato daga 303 zuwa 312, hawan kusan kashi 3 cikin 100 ne. Kashi 3 na milibar 985 ya ba da wajen milibar 29. A ninka da 6.4 na kowane bar, sai ga miliampiya 0.19. Na rubuta a allo, ɗalibar ta dubi allo ta dubi multimeta, ba ta ce komai ba sai murmushi. Akwai daɗi na musamman idan lissafi da na'ura suka yi shaida ɗaya.

A gindin shato abin ya fi haka muni, don rana na dukan ƙarfen kai tsaye. In da asuba yana digiri 28, da azahar ya kai 50, iskar ciki za ta danna bayan silikon da ƙarin milibar 72. Wannan tsayin ruwa ne na santimita 74. Ruwa yana bakin malala, kaftar tana gaya wa akwati cewa da saura. Kuma lokacin ne famfon hasken rana yake kan ganiyarsa. Da dare ƙarfe ya huce, ta koma faɗin gaskiya, shi ya sa duk wanda aka kira ya duba ta da safe sai ya ce bai ga komai ba.

Muka zare lakar da allura, bakin ramin na kallon ƙasa don kada ɓurɓushi ya faɗa ciki. Tana buɗewa lambar ta yi tsalle ta zauna a 4.010, ɗaki na digiri 39. Washegari da safe, a digiri 30, ta ba da 4.004.

Kuskuren da ya fito daga teburinmu

Da a nan labarin ya ƙare, da ban zauna rubuta shi ba.

Talata kuran ya zauna, ɗaki ya tsaya a digiri 31, muka yi awo na sosai, hawa da sauka sau uku. A bar 0.5 ya kamata a ga 7.200, muka ga 7.194. A bar 1, maimakon 10.400, 10.386. A 1.5 ta ba da 13.575 a wurin 13.600. A bar 2, 16.764 a wurin 16.800. A ƙarshe, inda ake jiran 20.000, ta tsaya a 19.952. Giɓin yana girma yayin da matsi ke girma: 0.006, 0.014, 0.025, 0.036, 0.048. Na ƙarshen ya kai kashi 0.30 cikin 100, ya haura haddi. Kwamfuta ta sa wa layin ja.

Irin wannan giɓi mai girma da matsi, a littafi, alamar cewa faɗin awon na'ura ya tsuke ne, kuma akwai ɗan kusa a ciki da ake murɗawa a gyara shi. Ɗalibar ta riga ta ɗauko turnabis. Ni ma ban ga laifinta ba, haka na koya mata. Abin da ya riƙe hannuna wani tunani ne da ya daɗe yana yi mini kai-kawo: na'urori biyu masu irin wannan daraja da suka zo mana cikin shekarar, daga masu ƙira daban-daban, dukansu sun nuna ƙasa a ƙarshen awo da kusan wannan adadi. Dukansu na murɗa. In baƙi uku da ba su san juna ba suka ce mudunka bai cika ba, ya kamata ka dubi mudun.

Na buɗe kabad na ɗauko tsofaffin littattafan wanda ya riƙe wannan sikeli kafin ni, dattijon da ya koya mini aiki, wanda duk labo ke kira Baba. Ya yi ritaya bara. A saman kowane shafi ya rubuta wata lamba da jan biro: 0.9975. Na tuna da ita. Lokacin da na kwashe lissafinsa daga takarda na mayar cikin kwamfuta, na gan ta, na ɗauka ta shafi wasu tsofaffin faifai ne da aka daina amfani da su, na bar ta. Ban tambaye shi ba, alhali yana zaune a teburin da ke kusa da nawa.

Bayan la'asar na hau babur na same shi a ƙofar gida yana shan shayi. Muka gaisa, na tambayi iyali da ƙarfin jiki, sannan na buɗe littafin na nuna masa lambar.

"Baba, wannan ta mece ce?"

Ya dube ni ɗan lokaci. "Kana nufin ba ka sa ta?"

"Tun da na koma kwamfuta ban sa ta ba."

Bai yi faɗa ba. Ya ajiye kofi ya ce: "Ɗana, kilo ɗaya kilo ɗaya ne ko'ina. Amma ƙasa ba ta jan sa da ƙarfi ɗaya a ko'ina. Faifan nan a Turai aka sassaƙa musu lamba. Da suka sauka a Yamai sun yi sauƙi."

Ga bayanin. Fistin ba kilo yake ji ba, yana jin ƙarfin da ƙasa ke jan kilon da shi. A 1901 babban taron awo na duniya ya tsayar da 9.80665 a matsayin ƙarfin jan ƙasa na ƙa'ida, adadin da ya yi kusa da abin da ake samu a bakin teku a layin digiri 45, wanda ya ratsa kudancin Faransa. Lambobin da ke jikin faifanmu a kan wannan aka yi su, takardar sikelin ma ta faɗi haka a wani ƙaramin layi da ban taɓa tsayawa a kai ba. Amma duniya tana juyawa, kuma ta fi kumburi a tsakiyarta. Saboda haka jan ya fi rauni a tsakiya, wajen 9.780, ya fi ƙarfi a can ƙuryar arewa da kudu, wajen 9.832. Yamai tana digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar, a tudun da ya ɗan haura mita 200. In aka lissafa sai a samu kusan 9.7825. A raba shi da 9.80665, ga 0.9975 ta Baba. Garin Tawa ma, ko da ya fi mu arewa, ya fi mu tudu, lambarsa kusan ɗaya da tamu.

Mai sayar da nama da sikeli mai tafi biyu ba ruwansa da wannan, don dutsen awonsa da naman duk ƙasa ɗaya ke jan su. Mu da muke mayar da nauyi matsi, mu abin ya shafa. Faifan da aka rubuta wa bar 2.5, a kan teburinmu bar 2.494 yake bayarwa. Rashin kashi 0.25 cikin 100 ne, daidai da dukan haddin da aka yarje wa na'urar da muke yi wa hukunci.

Laraba na mayar da lambar cikin lissafi. A mataki na ƙarshe abin da ya kamata kaftar ta bayar ya koma 19.961. Akwai kuma wani ɗan gyara: faɗin fistin an auna shi a digiri 20, mu kuwa muna 31, ƙarfe ya ɗan buɗe, wannan ya rage wani 0.004. Saura 19.957. Ita ta ce 19.952. Bambancin 0.005 ne, kashi 0.03 cikin 100. Jan layi ya ɓace. Mafi girman kuskurenta ya koma tsakiya, a bar 1.5 lokacin saukowa, inda ta ba da 13.586 alhali a hawa ta ba da 13.575. Wannan ɗan jan ƙafa ne da faifan bakin kowace kaftar yake yi, ba ya komawa ta sawun da ya bi daidai, kuma bai wuce kashi 0.08 ba.

Na'urar lafiyarta ƙalau. Da mun murɗa kusar nan, da mun tura ta waje da haddinta da hannunmu, mu buga hatimi a kai mu ce mun gyara. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Na karɓi turnabis daga hannun ɗalibar na mayar cikin akwati, na gaya mata dalili tun daga farko, har da inda na yi sakaci. Ina ganin wannan ya fi mata amfani a kan duk abin da na koya mata a watan.

Akwai abin da na rubuta a takardar shaida wanda wasu abokan aiki ba sa son a rubuta. Awonmu ma yana da iyakarsa. Sikelin yana da shakkar kashi 0.05, multimeta tana da tata, maimaita awo yana da tasa. A haɗe sun kai wajen 0.08. An fi son ma'auni ya fi abin da ake aunawa kyau sau huɗu, namu sau uku ne da ɗan kai. Na rubuta haka. Na kuma rubuta cewa takardar tantance sikelin namu ta shekara huɗu. Awo kamar karatu yake, yana da salsala: wannan ya karɓa daga wancan, wancan daga na gabansa, har a kai ga ma'aunan duniya da ofishin Sèvres kusa da Paris yake kula da daidaitonsu tun yarjejeniyar mita ta 1875. Ƙa'idar ISO/IEC 17025 da labo-labo ke neman cikawa, kan wannan salsala ta fi tsanantawa. Wanda ya kawo mana kaya yana da haƙƙin sanin ƙarfin igiyar da muka rataya hukuncinmu a kai. Ko an tara kuskurenta 0.08 da shakkarmu 0.08, ba a kai 0.25 ba, don haka na sa hannu da natsuwa.

Komawa gindin shato

Asabar muka tafi da ita makarantar, ni da ɗalibar. Kafin mu ɗaura na buɗe akwatin sarrafawa na ga yadda aka mayar da mita zuwa bar. Wanda ya haɗa shi ya yi amfani da abin da ke cikin littattafai, bar ɗaya daidai da ruwa mita 10.2, ya sa famfo ya tsaya a bar 1.814. Wannan adadi na ruwa mai sanyin digiri 4 ne a ƙarƙashin jan ƙasa na ƙa'ida. Muka tara ruwan shaton a bokiti muka sa ma'aunin zafi: 35. Ruwa mai wannan ɗumi, mita ɗaya ta kowane gefe kilo 994 take yi, ba 1,000 ba. A haɗa da jan ƙasar Yamai, bar ɗaya ya zama mita 10.28. Ashe tun ranar farko famfon ba ya tsayawa sai ruwa ya kai wajen mita 18.66 a lokacin zafi. Rabin mitan tsaron dama santimita 34 ne, zanzaro da mai fenti suka zo suka cinye sauran. Muka sauke wurin tsayawar zuwa bar 1.799, wato miliampiya 15.51. Da sanyin Disamba ruwa zai ƙara nauyi, famfo ya tsaya ƙasa da haka da kamar santimita 7, wannan kuwa ba ya cutar da kowa.

Ramin numfashin muka sa masa ɗan gajeren tiyo mai lanƙwasa yana kallon ƙasa, muka ɗaure bakinsa da lallausar raga, iska ta wuce, ƙwaro da ƙurar hunturu su tsaya. Wani maƙeri da ke kusa ya lanƙwasa mana guntun kwano muka yi mata rumfa, da tazara tsakaninsu don iska ta riƙa ratsawa. Na kira mai gadi, dattijo ne da ya fi kowa sanin shaton, na nuna masa tiyon.

"Malam, wannan hancinta ne. Duk Juma'a a duba shi. In an zo fenti, a ce kada a taɓa nan."

Ya ce: "Ai da an gaya mini tun farko, ranka ya daɗe. Ina tsaye aka shafa shi."

Muka zauna a inuwar bedi muna jira, multimeta na haɗe da waya. Ƙarfe biyu saura kwata lambar ta taka 15.51, muka ji akwati ya yi ƙas, ƙarar ruwa a bututu ta yanke. Ɗalibar ta ɗaura igiyar tsaro ta hau tsani da ma'aunin tef, ta leƙa ta bakin tanki, ta ɗaga murya daga sama: santimita 49 tsakanin ruwa da bakin malala.

Litinin na fito da takardun duk abin da ya bi ta kan sikelin tun ranar da na koma kwamfuta. Guda bakwai ne. Biyar agogon matsi ne masu allura, irin na kwampureso da na tukunyar dafa kayan aikin asibiti, waɗanda haddinsu kashi 1 ne ko 1.6, na sake lissafinsu ɗaya bayan ɗaya, duk suna ciki. Biyun da na murɗa su ne abin damuwa. Na rubuta wa masu su takarda, na faɗi abin da ya faru ba tare da kwana-kwana ba, na roƙi su dawo da su a sake aikin ba da ko dala ba. Shugaban labo ya karanta ya sa hannu a ƙarƙashin nawa. Na yanki farar takarda na rubuta 9.7825 da 0.9975 da jan biro, da bayanin abin da suke nufi cikin layi uku, na manna a cikin murfin akwatin faifan. Ta farko cikin biyun ta iso ranar Alhamis, a bayan babur, muka bar ta ta kwana a ɗaki ta ɗauki zafinsa kafin mu fara.